Ranar Da Aka Aske Gashin Bakin Wanzami

Ina so a shaida, a kuma faɗa wa 'yan baya, cewa tun da aka kafa birnin Iskandariyya na Masar ba a taɓa zaluntar bawan Allah ba kamar yadda mutanen layinmu suka zalunce ni ranar Juma'ar nan da ta wuce. Garin nan ya ga girgizar ƙasa, ya ga jiragen yaƙi, ya ga ruwan sama har ƙarƙashin gado, amma duk waɗannan sun zo sun wuce, sun bar wa maza leɓensu a rufe. Ni Usta Zaglul, wanzamin da ya fi kowa hannu daga bakin masunta har tashar jirgi, yau leɓena na sama tsirara yake. Iskar teku tana kaɗa wurin da rabonta da shi tun ina saurayi. In na kurɓi shayi, ba abin da ke tare tururi, kai tsaye yake shigewa hanci. Jiya kyanwar shagona ta ɗaga kai ta dube ni, ta fice, har yanzu ba ta dawo ba.

Wanda bai ga gashin bakin da nake magana a kai ba, Allah ya ba shi haƙuri, don ya yi asarar kallo. Baƙi ne wuluk, kowane gefe ya lanƙwasa sama kamar goshin kwalekwale. Masu hassada suna cewa rini ne. Matata Ummu Wa'il tana cikin masu hassadar, wai matasan kanmu ne shaidunta.

Tushen masifar wasan harbin nan ne na waya. A gidan gahawar Mu'allim Bayyumi, inda muka yi furfura muna buga domino, kawai aka wayi gari dominon na cikin akwati, kowane dattijo ya sunkuya a kan wayarsa yana zagin wani mutum da bai taɓa gani ba. Wasan ba wuya. Ana jefa ku uku-uku a wata rusasshiyar tashar jiragen ruwa, ku yi ta harbin wasu, teku kuma tana cin ƙasa ta gefe-gefe tana koro kowa tsakiya. Waɗanda suka rage su ne gwanaye. Abin da ka tsinta ka fita da shi da ranka ya zama naka, ka ga dama ka riƙe, ka ga dama ka kyautar. Bayan kowane wasa ana ba ka maki, kai za ka zaɓi inda za ka zuba su: ko a ƙafa don gudu, ko a ido don saiti, ko a hannu don jinya, ko a baya don ɗaukar kaya.

Mu uku ne a ƙungiyarmu. Akwai Dasuki mai kifi, wanda tun daga bakin ƙofa ake jin ƙarnin wayarsa. Akwai Ammu Girgis, tsohon direban jirgin ƙasa na cikin gari, wanda har a cikin wasa ba ya tafiya sai a miƙe, kuma duk kwana sai ya ɗan tsaya kamar fasinja za su hau. Sai ni, mai kai.

Na lura mutanen nan biyu suna zuba makinsu barkatai, yau ƙafa, gobe ido, kamar mai watsa wa tantabaru tsaba. Sai na kira su shago, na kaɗa kumfar aski, na zana musu tsarina a jikin babban madubi. Na ce in aka raba ƙarfi gida uku, abin da za a samu shi ne ragwaye uku. Amma in aka tara shi a jikin mutum ɗaya, an samu zaki, sauran biyun kuma su bi inuwarsa su huta. Dasuki ya tambaya wane ne zakin. Na ce ya dubi madubi. Ya ce ai kumfa ta rufe, ba ya ganin kowa. Na ce to ya dube ni.

Tsarin kuwa ko a makarantar soja ba za a raina shi ba. Duk makin da na samu baya zan zuba wa, tunda ni zan ɗauki kayan kowa. In baya ya yi ƙarfi, sai kwalliya: doguwar riga mai ruwan zinari, da gashin baki irin nawa, don abokan gaba su san wa ya kashe su. Ido ba na bukata, mutumin da ke bin wuyan jama'a da aska bai rasa saiti ba. Ƙafa kuwa ko maki ɗaya ba zan ɓata mata ba. Ammu Girgis ya ce to in teku ta taso fa? Na ce masa mutum mai mutunci ba ya gudu, teku ce za ta jira.

Ina wannan bayani ne da injin aski a hannu, ina nuna zanen da shi, na manta akwai wani ango a kan kujera. Da na goge kumfa ya ga titin da na buɗe masa daga goshi har ƙeya, sai ya fara magana a kan iyayena. Na gaya masa sabon yayi ne daga ƙasashen waje. An ɗaura aurensa da hula.

Saura yadda kayan za su dawo hannuna. A nan ne Allah ya nuna ya ba ni abin da bai ba kowa ba. Kowa ya san halinmu: in ka yaba abin mutum, bakinsa zai ce maka "naka ne" tun zuciyarsa ba ta farka ba. Kai kuma sai ka dafa ƙirji ka ce Allah ya bar shi a hannun mai shi, shi ke nan, kowa ya fita kunya, ba abin da ya motsa daga wurinsa. Haka muka gada. Ni dai na zauna na yi tunani, na ga ba daidai ba ne Musulmi ya riƙa mayar da ɗan'uwansa maƙaryaci.

Ranar da Dasuki ya fito da wata bindiga mai madubin hange, wadda ake cewa a duk layin babu irinta, na leƙa wayarsa na ce, "Masha Allah, Dasuki, wannan bindiga."

Ya ce, "Taka ce, Usta."

Na ce Allah ya saka da alheri, na miƙa masa wayata.

Gidan gahawa ya yi tsit, har ana jin ruwan shisha na ɓulɓula a kusurwa. Dasuki ya dube ni, ya dubi Mu'allim Bayyumi, ya dubi silin. Ba wanda ya cece shi, don maganar daga bakinsa ta fito a gaban mutane. Ya tura mini bindigar. Na shafa mata ruwan zinari a ranar.

Daga nan hanya ta buɗe. Sulken Ammu Girgis, masha Allah. Hular kwanonsa, masha Allah. Jakar maganin da ya sha wuya ya samo, bayan duk makinsa a hannun jinya ya zuba, ita ma masha Allah. Ya ce mini cikin sanyin murya, "Ɗana, likita ba jaka ai mai gaisuwa ne." Na ce ya kwantar da hankalinsa, in na ji ciwo zan ara masa. Suka fara ɓoye mini wayoyinsu. Dasuki yana wasa da tasa a ƙarƙashin tebur, Ammu Girgis yana rufe tasa da jarida. Sai na koma yabo da kunne. Ina jin ƙarar sabon abu ya shiga jakar mutum, sai in ce masha Allah, ko ban san mene ne ba. Haka na mallaki gurneti buhu guda da wata tukunya da har yau ban gane amfaninta ba.

Labari ya zagaye layi, mutane kuma suka ɗauke shi ta baibai. In na fito da safe, mai sayar da wake sai ya kife murfi a kan tukunyarsa. Maƙwabciyarmu ta daina rataye kejin kanarinta a baranda. Limamin masallacinmu ya gan ni tafe, ya ja hannun riga ya rufe agogonsa. Wani ya zo aski da sabon takalmi, ya cire ya bar shi a shagon maƙwabci, ya shigo da safa. Na ce wa Ummu Wa'il ta dubi yadda ake yi wa mai basira a ƙasar nan. Ta ce ita dai ta gode Allah ban taɓa yaba girkinta ba.

Ana cikin haka sai Usta Hilmi bakanike ya sa baki. Shi ma yana da ƙungiya, shi da wasu direbobin bas guda biyu, masu wasa kamar yadda suke tuƙi, ba birki ba tsoron Allah. Wata la'asar ya leƙo wayata, ya ga mutumina tsaye cikin rigar zinari, da bindigogi a kafaɗa, da buhu a baya ya fi shi tsawo. Ya ce wa jama'a su zo su ga jakin kaya mai gashin baki. Aka yi dariyar da ba ta dace da dattawa ba.

Na miƙe tsaye. Na kama gefen gashin bakina da yatsu biyu, kowa kuma ya san in namiji ya kama nan ya yi magana, ba ta komawa ciki. Na ce ranar Juma'a bayan la'asar, mu uku da su uku, ba bare. In suka ci mu, a aske wannan a gaban kowa. Hilmi ya kama nasa ya rantse shi ma, ko da yake nasan wasu 'yan tsirarun gashi ne da ba su san juna ba. Dasuki ya ce a kunnena in tuna shi fa ba shi da komai sai kwanon soya. Ammu Girgis ya ce shi sanda gare shi. Na ce su bar kuka, aikinsu kawai su tsaya a bayana su yi kallo.

Ranar Juma'a na sha wanka, na shafa wa gashin baki abin da nake shafa masa, wanda ba rini ba ne, na fito. Mu'allim Bayyumi ya haɗa wasan da babban talabijin ɗin da muke kallon ƙwallo, ya jera kujeru har kan titi. Masunta sun zo, direbobi sun ajiye motoci sun tare hanya, mata sun cika baranda, har angon nan ya zo da hularsa ya zauna a gaba. Muka shiga zauren jira, inda ake tsayawa kafin a jefa mutane fili. Mutumina ya bayyana a talabijin yana ƙyalli, jama'a suka yi shewa. Na ɗan murɗa gashin baki.

Sai Hilmi ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗaga murya yadda na baranda za su ji, ya ce, "Masha Allah, Usta Zaglul, wannan bindiga."

Wallahi ban yi niyya ba. Bakina ne, wanda uwata ta yi wa tarbiyya, ya ce, "Taka ce."

Ya ce Allah ya saka da alheri, ya miƙo wayarsa.

Na yi dariya, na ce ai Usta Hilmi ya san yadda ake yi, yanzu zai dafa ƙirji. Bai dafa ba. Na dubi Mu'allim Bayyumi, ya dubi silin. Na dubi Dasuki, abokina, wanda muka ci gishiri tare, sai ya ce, "Usta, ba kyau Musulmi ya mayar da kansa maƙaryaci." Ammu Girgis ya ce Kirista ma bai yarda da haka ba. Na tura bindigar.

Ban gama haɗiye wannan ba sai direba na farko ya ce masha Allah, wannan sulke. Na datse haƙora, na rantse a raina ba zan buɗe baki ba. Titi gaba ɗaya yana jirana. Liman ya yi gyaran murya. Wata tsohuwa daga baranda ta tambaya ko wanzamin ya kurumce ne. Na ce nasa ne. Direba na biyu ya yaba hular kwano da jakar magani a numfashi ɗaya. Suka yi ta yabo suna karɓe-karɓe kamar masu amshi a gidan biki, har gurnetin, har tukunyar. Da suka gama, mutumina yana tsaye da rigar zinari, da gashin baki, da ƙaton buhu wanda ba komai a ciki. Rigar ma na ji ɗayansu ya buɗe baki zai yaba, Hilmi ya ce a bar mini ita, za ta taimaka musu wajen hange.

Amma kada ku manta da wa kuke magana. Nan take dabara ta faɗo mini. Na hau kujera na sanar da jama'a cewa tarko ne na ɗana, kuma Hilmi ya faɗa. Shi bai taɓa zuba maki a baya ba, kayan nan za su danne shi, ko taku ɗaya ba zai iya ba. Wasu har sun fara tafa mini. Sai Hilmi ya yi wani abu na rashin ilimi wanda ban taɓa tsammani daga ɗan Adam ba. Ya raba kayan gida uku, kowa ya ɗauki abin da zai iya.

Aka jefa mu fili. Dasuki da Ammu Girgis, da yake ba su ɗauke da komai, suka yi gaba kamar an saki awaki. Ni kuwa mutumina yana takawa ɗaya-ɗaya kamar mai rakiyar gawa, rigarsa tana haska rabin tashar. Na ce tunda Allah ya ba ni baya, ba zan bar shi ya tafi a banza ba. Duk abin da na gani a ƙasa na jefa a buhu: tayar mota, igiya, kujera, wani ƙarfe mai kama da anga. Tafiyar ta ƙara nauyi. Teku ta taso ta fara lasar dugadugaina. Masunta suna ihu in yi gudu, na ce musu su koyi natsuwa.

Da kyar na isa wani ɗakin ajiya inda abokaina suka tsaya a bakin ƙofa. Ƙofar ƙarama ce, mutum ɗaya take ci, cikin kuma duhu. Ammu Girgis ya matsa gefe, ya ce, "Bisimilla, Usta, ka fara." Dasuki ma ya matsa, ya ce wallahi ba zai shiga gaban babba ba. Kowane yaro a garin nan ya san amsar wannan: ka ce a'a, ku ja, ku rantse, har wani ya gaji. Ni kuwa hannuna ya riga ya saba da karɓa. Na ce na gode, na kutsa kai.

Abin da na fara gani a cikin duhun ƙyallin zinari ne, na kuma gane shi, don ni na shafa shi da hannuna. Hilmi ya sakar mini bindigata a ƙirji. Mutumina ya zube, kujera da tayar mota suka bi ta kansa, ya koma rarrafe. Na kira Ammu Girgis ya zo ya yi jinya. Ya zo, ya durƙusa, ya dafa ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ƙara sauƙi, ya tashi ya tafi.

A nan fa abin takaici ya faru. Mutanen nan biyu, da ba ni a gabansu, sai suka zama aljanu. Dasuki ya zagaya ta bayan direba na farko ya kwaɗa masa kwanon soya a ƙeya, ya ɗauke sulken. Ammu Girgis ya bi layi a miƙe kamar yadda ya saba, ya tsaya a kwana kamar yadda ya saba, direba na biyu ya taho a guje kamar yadda shi ma ya saba, ya yi karo da sanda. Saura Hilmi shi kaɗai, yana waige-waige, su kuma sun ɓuya suna jiran ya juya baya. Gashin bakina ya fara dawowa hannuna.

Sai dai ruwa ya kai wa mutumina wuya, kuma ba wanda ke kallona. Duk idanu suna kan mai kifi. Wannan kuwa ba adalci ba ne, tunda ni ne kai. Na ɗaga murya na ce, "Dasuki, ka bar laɓewa a bayan jan kwalekwalen nan, kai da Ammu Girgis, ku zo ku ɗaga shugabanku."

Hilmi yana zaune a tebur na kusa da ni. Ya ce ya gode. Ya ciro gurneti ɗaya daga cikin buhun da na tara da kunnena, ya aika wa jan kwalekwale.

Ba zan bayyana ihun da aka yi ba, don ina da hawan jini. Aka ɗauko kujerar shagona aka dasa a tsakiyar titi. Aka rasa mai askin, tunda ni kaɗai ne wanzami a layin, sai angon nan ya cire hularsa ya ce shi zai yi, kuma ba ya son lada. Dasuki ya kaɗa kumfa, Ammu Girgis ya ɗaura mini tawul. Da aka shafa kumfar sai ta koma baƙa, ta gangaro ta ɓata tawul. Ummu Wa'il ta leƙo daga baranda ta ce jama'a su shaida, matasan kanta ba su yi ƙarya ba. Na ce hayaƙin motocin direbobin nan ne.

Ango ya ɗaga aska. Hilmi ya ce a dakata. Ya matso, ya sunkuyo, ya ƙare wa gashin bakina kallo daga wannan goshin kwalekwale zuwa wancan, ya girgiza kai kamar mai jin tausayi. Na ce a raina, to, mutumin nan ashe ɗan halak ne, zai yafe.

Ya ce, "Masha Allah, Usta Zaglul, wannan gashin baki."

Bakin nan nawa, maci amana, ya ce, "Naka ne."

Aka aske. Yanzu gashin yana cikin wata 'yar kwalba a garejin Hilmi, a kan kantar kaya, kusa da man birki.

Na so in kai ƙara, amma da na zauna lissafa waɗanda zan kai, sai na ga ba wanda ya zana tsarin a madubi sai mutum ɗaya, ba wanda ya koya wa layin nan karɓar kyauta sai mutum ɗaya, ba wanda ya kama gashin baki ya rantse, ya shiga ƙofa, ya tona jan kwalekwale, sai shi ɗin dai. Na dube shi a madubi, leɓensa tsirara, na ga ba zan iya tsayawa gaban alƙali da mai irin wannan fuska ba. Na yafe masa.

Dasuki da Ammu Girgis sun ce in dawo ƙungiya, da sharaɗin duk makin da na samu a ƙafa zan zuba. Na ce zan duba. Da safen nan Dasuki ya shigo shago, ya zauna, ya shafa hannun kujerar askina, ya buɗe baki ya ce masha Allah. Kafin ya ƙarasa na cusa tawul a bakina.